Rabe-raben Sifa da Hanyar Karantar da Su: Jagora ga Malaman Hausa na Ƙasar Yelu

Duk malamin da aka danƙa wa ajin Hausa a Yelu, ko a ɗaya daga ƙauyukan da ke ƙarƙashinta a wajajen Dallol Foga da Dallol Mauri, arewa da Gaya, idan ya dubi yaran da ke zaune a gabansa zai tarar harshen da ya tara su ɗaya ne, amma harsunan da suka baro a gida ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan Kyangawa wanda kakanninsa suka yi magana da wani harshe na dangin Mande kafin Hausa ta rinjaye shi a bakin jikoki, akwai ɗan Dandawa da ɗan Zabarmawa, akwai ɗan Fulani da ya taso daga ruga, akwai kuma Bahaushen da iyayensa ke kai da kawowa tsakanin Kamba ta Nijeriya da Malanbil ta Binin. Dukansu da Hausa suke ciniki, da ita suke wasa, da ita suke faɗa, har baƙo ya zaci babu sauran abin da za a koya musu. Sai ranar da aka ce kowa ya rubuta jimla mai sifa a cikinta, a ranar ne za a ga "sabon riga" da "babban tukunya" da "dogo giginya" sun cika allo.

Tun shekarar 1973 aka fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Nijar, aka soma da Hausa a Damagaram, dokar 2001 kuma ta lissafa harsuna goma na ƙasa, sa'an nan kundin da hukuma ta kafa a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Ma'anar wannan ga malamin makaranta da malamin yaƙi da jahilci ita ce, harshen da a da ake ganin kowa ya iya shi tun daga goyo, yanzu ya zama fanni da za a tsaya gaban allo a bayyana ƙa'idojinsa, alhali da yawa daga cikinmu nahawun Faransanci ko na Larabci muka karanta, namu kuwa muka bar shi a kan ɗabi'a. Babin sifa yana daga babobin da suka fi tona wannan giɓi, shi ya sa na keɓe shi.

Asalin da na gina wannan jagora a kansa tsoho ne, malaman lugga na Larabci suka gada mana shi, wato rarrabewa tsakanin ƙiyasi da sama'i. Ƙiyasi shi ne abin da in ka san ƙa'idarsa za ka iya fitar da dubunsa ba tare da ka taɓa jin ko ɗaya ba. Sama'i kuwa shi ne abin da babu hanyar saninsa sai an ji shi daga bakin masu harshe, an riƙe shi yadda aka ji. Sifofin Hausa wasu ƙiyasi ne tsantsa, wasu sama'i ne, wasu kuma rabi da rabi, kuma galibin wahalar da ake sha a aji daga cakuɗa su take tasowa: malami ya sa yara haddar abin da ƙa'ida ɗaya za ta wadatar da su a kansa, ko ya ƙaga ƙa'ida a inda harshe bai ajiye ta ba, yara su bi ta da gaskiya su faɗa rami.

Kafin a shiga aikin, yana da amfani a leƙa wurin mutanen da suka zauna suka ƙirƙiri harshe da hannunsu, domin su ne larura ta tilasta wa yanke hukunci a fili a kan abin da mu muka tarar an riga an yanke. A shekarun 1879 da 1880 wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Yohan Martin Shilaya ya fito da harshen da ya kira Volapük, ya ɗebo akasarin saiwoyinsa daga Ingilishi da Jamusanci da Latin, ya hukunta cewa kowace sifa za ta ƙare da -ik, kamar gudik mai ma'anar nagari, kuma mazauninta bayan suna, inda ba ta sauya kama. Amma idan ta gabaci sunan, ko wata kalma ta shiga tsakaninsu, to sai ta ɗauki irin alamar da sunan ya ɗauka ta adadi da i'irabi, don kada a rasa gane wanda take sifantawa. A 1887 likita Zamenhof ya buga nasa a birnin Warso, wato Esperanto, ya ba sifa siga huɗu ba ƙari: bona, bonaj, bonan, bonajn. Waɗanda suka yi wa Esperanto gyaran fuska a 1907 suka kira nasu Ido sun ga ko huɗun ma sun yi yawa, suka mai da su ɗaya. Kowanensu tambaya uku ya amsa, ko ya sani ko bai sani ba: da me sifa za ta dace da sunanta, a ina alamar dacewar za ta zauna, kuma me zai faru da alamar idan sifa ta sauya mazauni.

Abin da suke gudu sananne ne ga duk wanda ya taɓa buɗe nahawun Jamusanci. A can sifa ɗaya tana da hanya uku ta sauya ƙarshenta, biyu daga cikinsu Yakob Girim, wanda ya fara fitar da babban nahawunsa a 1819, ya laƙaba musu ƙaƙƙarfa da rarrauna, ta ukun kuma gauraye ce tsakaninsu. Da yake jinsi uku ne, ga jam'i, ga halin i'irabi huɗu, jadawalin yakan kai gida 48, ko da yake ɗafa-ƙeyar da ke yawo a cikin gidajen nan duka biyar ne kacal. Sirrin kuwa ɗaya ne. Ruwan sanyi, in babu harafin ma'arifa, kaltes Wasser ne, sifa ce ke ɗauke da alamar jinsi. In harafin ya zo ya ɗauki alamar, sai sifa ta sauke kayanta a ce das kalte Wasser. In kuma labari ake bayarwa cewa ruwan yana da sanyi, sai ta tsaya tsirara, kalt. Mai son ƙaga harshe a kan salon Jamusanci dole ya zaɓa ko zai riƙe wannan rabon aiki tsakanin harafi da sifa, ko zai rage shi kamar yadda Holanci ya rage, ko zai zubar da shi ɗungum kamar Ingilishi. Shi yana da wannan zaɓi, kuma duk abin da ya zaɓa ƙiyasi ne daga farko har ƙarshe. Malamin Hausa ba shi da zaɓi. Amma tambayoyin nan uku su ne ma'aunin da zai auna kowace sifa da ta faɗo daga bakin ɗalibi.

Amsar tambaya ta farko mai sauƙi ce, musamman ga wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta babin na'ati a Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum mutumin Fas, ko ya kai ga manyan littattafai irin Bahrul Muhiɗ na Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasarsa ba ta da nisa da mu. Malaman nahawu sun ce na'ati na haƙiƙa yana bin abin da yake sifantawa a abu huɗu cikin goma: ɗaya daga halayen i'irabi uku, ɗaya daga ma'arifa da nakira, ɗaya daga muzakkari da mu'annasi, ɗaya daga mufradi da musanna da jam'i. Hausa biyu ta riƙe daga huɗun, jinsi da adadi, ba ta da musanna, kuma jam'inta yana shafe bambancin namiji da mace, saboda haka gidajen jadawalinmu uku ne: namiji, mace, jam'i. Almajirin da ya san ahmaru da hamra'u da humrun ba zai yi mamakin fari da fara da farare ba. Ɗan Fulani ma haka, don harshensa yana da ajin suna sama da ashirin, yana cewa gorko daneejo amma nagge raneewe, har baƙin farko na sifar yana juyawa. Wanda ke bukatar haƙurin malami shi ne ɗan Dandawa da ɗan Zabarmawa, da duk wanda harshen gidansu bai raba namiji da mace a nahawu ba, don a wurinsa kalma ɗaya ce ke tsayawa a madadin "shi" da "ita". Wannan ba ƙarancin basira ba ne, kuma malamin da ya ɗauke shi haka ya zalunci yaron.

To, aikin farko ba a kan sifa yake ba, a kan suna yake, domin yaron da ya rubuta "sabon riga" sau da yawa ya san sabo ya san sabuwa, abin da ya kuɓuce masa shi ne jinsin riga. A ba shi ƙa'idar da ta fi yawa, cewa sunan da ya ƙare da wasalin a galibi mace ne, wanda ya ƙare da sauran wasula galibi namiji ne, sa'an nan nan take, ba a wani mako ba, a kawo masa waɗanda suka fanɗare kuma ake ambatonsu kullum: gida, ruwa, nama, suna, wata, guga, duk maza ne, mace da gwamnati mata ne, haka sunayen garuruwa da na ranaku, shi ya sa ake cewa Yelu ce, Lahadi ce. A kuma tsare shi daga auna jinsin Hausa da na Faransanci, don Bafaranshe ya mai da rana namiji, wata mace, gida mace, mu kuwa akasin haka muke. Abin sha'awa, a mas'alar rana da wata Balarabe da Bajamushe duk suna tare da mu.

Aiki na biyu shi ne tara kalmomi, kuma daga bakin yara za a tara su, ba daga littafi ba. A tambaye su yadda giginyun Dallol suke, yadda gishirin Foga yake, yadda rake da muruci da kifin da ake kawowa daga Gaya suke, a rubuta duk abin da suka faɗa a gefen allo ba tare da tsarawa ba. Sunayen garuruwa ma taska ne: Dogondutsi da Sabon Birni da Babban Rafi kowanne sifa ce da mahaɗi da suna, yara suna faɗarsu tun kafin su san harafi. Bayan an tara, sai a gwada kowace kalma a gaban sunaye uku da ba za a sauya su ba har ƙarshen shekara, ni na fi son tulu da tukunya da tukwane, in kuma sifar ta masu rai ce, yaro da yarinya da yara. Wannan gwaji yana yin aiki biyu a lokaci guda. Yana fitar da sigogin nan uku, sa'an nan yana tace sifa daga sunan da ya yi shigarta: ana cewa babban tulu, babbar tukunya, mahaɗi ya juya saboda jinsin abin da ke bayansa, to babba sifa ce, amma ana cewa girman tulu, girman tukunya, babu abin da ya motsa, to girma suna ne. Da sunan namiji kaɗai ba za a taɓa gane wannan ba, don "farin tulu" yana iya zama tulun da yake fari, yana iya zama haskensa. Sai an zo kan mace za a ji farar tukunya dabam, farin tukunya dabam.

Sai rarrabawa, kuma a nan ne nake saɓa wa tsarin da aka saba. Al'ada ita ce a fara da fari da baƙi da ja, saboda gajeru ne kuma kowa ya san su. Ni ina ganin a fara da ajin da ake ƙerawa daga aikatau, irin dafaffe da busasshe, domin shi ne ƙiyasin da ba ya yaudara, kuma yaron da ya ga ƙa'ida ta yi masa aiki sau ashirin a jere zai yarda cewa harshensa yana da tsari, ya shiga sauran babin da natsuwa. Ƙa'idar ita ce a ɗauki saiwar aikatau, a ƙara a, a ninka baƙin ƙarshe na saiwar, a rufe da e ga namiji, iya ga mace, u ga jam'i: dafa ya ba da dafaffe, dafaffiya, dafaffu, wanke ya ba da wankakke, wankakkiya, wankakku, cika ya ba da cikakke, cikakkiya, cikakku. Wuri ɗaya ne ke son tsayawa, wato inda saiwa ta ƙare da t ko s ko d, don waɗannan baƙaƙe ba sa jure zama gaban e da i, sai su rikiɗe zuwa c da sh da j, su komo asalinsu a gaban u. Daga nan ne rubutacce da rubutacciya suka sami jam'i rubutattu, gasasshe da gasasshiya suka sami gasassu, gudajje ya sami gudaddu. Yara sukan rubuta "rubutaccu", kuma kuskure ne mai hankali a cikinsa, wanda ba ya bukatar tsawa, sai dai a mai da su ga aikatau ɗin su ga t ɗin da idonsu. Aikatau masu gaɓa ɗaya sukan ari y, kamar ci da ciyayye, mutu kuwa shazzi ne da ya ba da matacce, a riƙe shi yadda yake.

Aji na biyu ƙiyasi ne shi ma, amma mai iyaka. Ana ƙera shi daga sunayen abubuwan da jiki ke ji ko ido ke gani, irin ƙarfi, zafi, zurfi, zaƙi, kauri, faɗi, daɗi, kaifi: a ninka gaɓar farko a rufe da a don tilo, a maimaita baƙin ƙarshe don jam'i, sai a sami ƙaƙƙarfa da ƙarfafa, zazzafa da zafafa, zuzzurfa da zurfafa, kakkaura da kaurara. Kyakkyawa da kyawawa, mummuna da munana, duk ƴan wannan gida ne. Siga biyu gare su ba uku ba, namiji da mace ɗaya suke, mahaɗi ne kaɗai ke raba su: zazzaƙan rake, zuzzurfar rijiya. A nuna wa yara iyakar ƙa'idar tun da wuri, cewa ba ta hawa kan hankali ko kunya ko ilimi. Aji na uku, mai ɗafa-goshin ma, ba ya cin lokaci: malalaci, malalaciya, malalata, marowaci, marowaciya, marowata, mahaukaci, mahaukaciya, mahaukata. Wanda ya fahimci rikiɗar t zuwa c a rubutacce ya riga ya fahimci wannan.

Bayan waɗannan ne ya kamata a komo ga sassauƙar sifa, wadda sunanta kawai ke da sauƙi. Ba su da yawa, amma su ne tsofaffin kalmomin harshe da ake taunawa dare da rana, kuma a kowane harshe irin waɗannan ne suka fi taurin kai. Sigar mace tana da ɗan tsari da za a iya dogara da shi. In namiji ya ƙare da o ko u, mace takan ƙare da uwa: sabo da sabuwa, dogo da doguwa, tsoho da tsohuwa, ƙato da ƙatuwa, gurgu da gurguwa, mugu da muguwa. In ya ƙare da a, babu sauyi, kamar babba da ja. In ya ƙare da i ko e, hanya ta rabu biyu, wasu su ɗauki a kamar fara da baƙa da ƙarama da ɗanya, wasu su ɗauki iya kamar shuɗiya da siririya da koriya, gajere kuma ana jin gajera ana jin gajeriya, ƙanƙane ya bar su duka ya tafi ƙanƙanuwa. Jam'i kuwa sama'i ne, kuma kada malami ya ji kunyar faɗa wa yara haka a fili. Babu ƙa'idar da za ta sanar da kai cewa sabo zai ba da sababbi alhali dogo, mai kama da shi ta kowace fuska, zai ba da dogaye. Ko cewa fari zai ba da farare amma ƙarami ya ba da ƙanana. Balle babba da ya watsar da saiwarsa gaba ɗaya ya koma manya, ko mugu da ya zama miyagu. Iyakar taimakon da za a yi shi ne a jera masu amo ɗaya kusa da juna, farare da baƙaƙe, sababbi da tsofaffi, dogaye da jajaye, ɗanyu da gajeru, ƙanana da sirara, a riƙa maimaita su cikin jimla tare da suna, kamar yadda mai koyon saƙa ke koyo da zare a hannu. Haddar "fari, fara, farare" a sarari ba tare da suna ba tana samar da yaron da zai cika jadawali daidai, ya fita waje ya ce "fari tunkiya".

Akwai wani aji da littattafan makaranta kan raina, ni kuwa ina ganin shi ne ya fi faranta wa yara rai, wato sifofin kambamawa: makeke, makekiya, maka-maka, santalele, santaleliya, santala-santala, zungurere, zungureriya, zungura-zungura. Tsarinsu a bayyane yake, jam'insu ninki ne, kuma rana ɗaya ta isa, sai dai a shirya wa dariya. Sauran abin da ya rage a wuce shi da sauri. Mai da masu, maras da marasa, adadi kaɗai suke dubawa, bayan suna suke zama, kuma su ne mafakar duk ma'anar da ba ta da sifar kanta, kamar mai hankali da maras kunya. Launuka irin ruwan toka da ruwan goro ba sa sauyawa ko kaɗan. Tsigilau, wato ɗan da ƴar da ƴan, yana tafiya da sigogi ukun nan sak: ɗan ƙaramin tulu, ƴar ƙaramar tukunya, ƴan ƙananan tukwane.

Tambaya ta biyu da ta uku, ta mazaunin alama da ta sauya wuri, a Hausa amsarsu a haɗe take. Idan sifa ta gabaci suna, wajibi ne ta ɗauki mahaɗi, n ga namiji da jam'i, r ga mace, kuma in sifofin sun kai biyu ko uku kowace da nata: sabuwar farar riga, sababbin fararen riguna. Idan ta biyo bayan suna, sai ta ajiye mahaɗin amma ta riƙe jinsinta da adadinta: riga sabuwa, riguna sababbi. Haka kuma in labari ce, inda dirka ke zuwa ta ƙara tabbatar da jinsin: rigar sabuwa ce, tulun sabo ne. Shilaya da ya sa sifarsa ta ɗauki ƙarin alama in ta gabaci suna, ashe a kan turbar da Hausa ta daɗe a kanta ya faɗo. Wajibi ne kuma a sanar da yara cewa wuraren biyu ba kullum ake musanya su ba, domin da zarar an jingina wa sifa amsa-kama mai ƙarfafa ta, to ba ta da wuri sai baya: riga fara fat, doki baƙi ƙirin, ganye kore shar, tsoho tukuf. Babu Bahaushen da zai ce "farar fat riga". Hanyar horarwa da ta fi amfani ita ce juyi: malami ya faɗi "doguwar giginya", sahu na farko ya mai da ita "giginya doguwa", na biyu ya ce "giginyar doguwa ce", na uku ya kai ta jam'i, a yi ta zagayawa da baki na ɗan lokaci kowace safiya kafin a taɓa alƙalami.

Saura mas'alar karin harshe, wadda ba a iya kauce mata a wannan yanki. Hausarmu ta yamma ce, ƴar'uwar ta Kabi da Arewa da Sakkwato, ba ta Kano ba. Yaro zai ce hwari da hwara, zai ce "hwara ta" da "hwari na" a inda littafi ya ce "fara ce" da "fari ne", kuma mahaɗin mace a bakinsa yakan narke cikin baƙin da ke biye, ya ce hwaras saniya, sabuwag gona, hwarat tunkiya. Malamin da bai lura ba zai ja jan alƙalami a kan wannan kamar yadda ya ja a kan "sabon riga", alhali tsakaninsu akwai nisa mai yawa: mai cewa sabuwag gona ya san jinsi sarai, abin da ya rage masa ƙa'idar rubutu ce kawai, cewa r ake rubutawa ko da kunne ya ji wani abu, kamar yadda ake rubuta n a "farin bante" alhali m ake furtawa. Mai cewa sabon gona kuwa jinsin ne bai zauna masa ba. Na farko a gaya masa maganarsa daidai ce, ga yadda ake rubuta ta. Na biyu a mai da shi kan tulu da tukunya. Kuma kada a ɗauka rasa jinsi aibi ne na bakin iyaka kaɗai, don a Hausar Zazzau da Bauci da ta zangunan Gana ma bambancin ya yi rauni ƙwarai.

Ga manyan ɗalibai, ko ga malamai in sun haɗu a taron ƙara wa juna sani, akwai wani motsa-ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da fahimta fiye da jarrabawa. A raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ƙagi ɗan ƙaramin harshe mai suna goma da sifa biyar, ta amsa tambayoyin nan uku a rubuce, ta zaɓi ko sifarta za ta raba aiki da harafin ma'arifa irin na Jamusanci, ko za ta bi suna a komai irin na Larabci, ko za ta tsaya cak, sa'an nan ta miƙa wa wata ƙungiya ƙa'idojin ta fassara jimla biyar da su. Duk inda ƙa'ida ta yi giɓi, masu fassara za su tono shi nan take, kuma wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya zai dubi mahaɗin Hausa da wani ido.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya kula da kalmomin Sakkwato da Katsina gwargwadon hali, amma manyan littattafan nahawun da muke dogara da su, daga na Galadanci na 1976 zuwa na Newman na 2000, a kan daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kananci aka gina su. Tun da jam'in sassauƙar sifa sama'i ne, ba za a san yadda mutanen Yelu da Bana da Bengu ke faɗarsa ba sai wani ya saurara ya rubuta. Saboda haka ina roƙon kowane malami ya keɓe littafi guda, duk sifar da ya ji a bakin tsofaffi ko a kasuwa wadda sigarta ta saɓa wa ta littafin aji, ya rubuta ta da sigoginta uku da sunan garin da ya ji ta, ya zo da shi taron malamai na gaba a gwama da na ƴan'uwansa.